Yadda Ake Lissafin Kuɗin Lasisi da Mayar da Shi Kan Sababbin Na'urorin Wi-Fi

Idan makaranta ko otal ko mai sana'ar sayar da intanet ta tikiti ya ƙuduri aniyar sauya tsofaffin na'urorinsa na Wi-Fi, abin da yakan fara tambayar dillali shi ne farashin na'ura ɗaya, sai ya ninka da adadin da yake buƙata, ya kai wa masu fitar da kuɗi. Wannan lissafi bai cika ba, domin a yawancin na'urorin da ake sanyawa a manyan wurare ƙarfen daban ne, izinin amfani da manhajar da ke cikinsa kuma daban, sannan kowane kamfani yana da tasa ƙa'idar game da ko izinin zai bi mai shi zuwa sabuwar na'ura ko zai tsaya a kan tsohuwar. Tambayar da ya kamata a fara amsawa kafin a biya ko sisin kwabo ita ce: da me aka ɗaure lasisin da muke da shi yanzu? Sauran aikin duka a kan amsarta yake ginuwa.

Mataki na farko: a ƙidaya abin da ake da shi

A buɗe takarda guda a rubuta kowace na'ura a layinta, wato na'urorin da ke watsa Wi-Fi a rufi ko kan hasumiya, da rauta, da suwic, da kwantarola, wato na'urar da ke jagorantar masu watsa Wi-Fi daga wuri guda, idan akwai ta. A gaban kowace a sa samfurinta, da lambar siriyal, da sigar manhajar da take ɗauke da ita, da nau'in lasisinta, da ranar ƙarewarsa idan mai wa'adi ne. Abu na ƙarshe da za a rubuta, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne adireshin imel ɗin da aka buɗe asusun kamfanin da shi da kuma sunan wanda yake riƙe da kalmar sirri. Kada a dogara da tsofaffin rasidai kawai, domin abin da aka saya shekara biyar da suka wuce ba lallai ne shi ke aiki yau ba. A shiga cikin na'urar ko shafin sarrafa ta a karanto abin da ita da kanta take nunawa.

Mataki na biyu: a gano da me aka ɗaure lasisin

Akwai lasisin da aka ɗaure da ƙarfen na'urar kansa, kuma misalin da ya fi kusa da mu shi ne na MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya wanda rautocinsa suka cika wuraren sayar da tikitin intanet a Najeriya da Nijar. Manhajarsa RouterOS tana da matakan lasisi, kuma kowace na'ura tana fitowa daga masana'anta da nata matakin a ciki. Mataki na 3 na ƙananan na'urorin karɓar sigina ne irin su LHG 5, waɗanda ke iya haɗuwa da hasumiya ko su yi gada tsakanin wuri biyu, amma ba sa iya watsa wa masu amfani da yawa. Mataki na 4 yana ba mutum 200 damar shiga ta shafin tikiti a lokaci guda, na 5 mutum 500, na 6 kuwa ba shi da iyaka. Farashin da kamfanin ya daɗe yana sayar da su shi ne dala 45 ga na 4, dala 95 ga na 5, da dala 250 ga na 6. Lasisin ba ya ƙarewa, amma an ɗaure shi da wata lamba mai suna Software ID da ke tare da ma'ajiyar na'urar, saboda haka ba a cire shi daga wannan akwati a kai wancan. Ba a kuma biyan ciko don a tashi daga wani mataki zuwa na sama, sai dai a sayi sabon da cikakken kuɗinsa.

A nan ne masu sana'ar tikiti suka fi yin asara. Mutum yana da ƙaramar rauta hEX mai mataki na 4, kwastomomi sun yi yawa, sai ya biya dala 95 ya sanya mata na 5. Bayan 'yan watanni sai ya ga ashe ƙarfin na'urar ne ya gaza, ya sayo RB4011 ko RB5009, waɗanda dama da mataki na 5 suke zuwa, kuma dala 95 ɗin nan ta tafi tare da tsohuwar rautar. A ganina, duk lokacin da ƙaramar na'ura ta cika iyakar lasisinta, ya fi dacewa a fara tambayar farashin wadda ta zo da matakin da ake nema kafin a sayi lasisi zalla. Akwai kuma wata iyaka da ba a cika lura da ita ba: wanda yake amfani da manhajar MikroTik mai suna User Manager wajen buga tikiti zai tarar mataki na 4 mutum 20 kawai yake bari su kasance a ciki lokaci guda ta wannan hanya, na 5 kuma 50, ko da yake adadin shafin tikitin kansa ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan kwastomomi suna ƙorafin tikitinsu ba ya shiga da yamma alhali yana shiga da safe, a duba wannan iyaka kafin a zargi na'urar.

Cambium ma yana da irin wannan ɗauri a wasu kayansa na haɗa nesa. Akwai samfuran ePMP masu laƙabin Lite da aka taƙaita su ga masu karɓa 10 sai an sayi mabuɗin buɗe sauran, akwai kuma na'urorin karɓa na PMP 450 da ake sayarwa da iyakar gudu ta megabit 4 ko 10 ko 20 a daƙiƙa. Ana fitar da mabuɗin ne da lambar MAC, wato lambar shaida ta musamman da na'ura guda ke fitowa da ita daga masana'anta, saboda haka a ɗauka cewa zai tsaya a kanta sai in kamfanin ya rubuto akasin haka.

Nau'i na biyu shi ne lasisin da aka ɗaure da asusun ma'aikata a shafin kamfani. Cisco Meraki ne fitaccen misali. Ana sayen lasisinsa na shekara 1, 3, 5, 7 ko 10, kuma na na'urorin watsa Wi-Fi na jerin MR bai damu da samfuri ba, ƙidayar kawuna kawai yake yi. Ma'ana, wanda yake da lasisin na'ura 20 zai iya cire tsofaffi 20 ya sa sababbi 20 na jerin ba tare da ya sayi wani lasisi ba, muddin wa'adin bai ƙare ba. Amma lasisin suwic na jerin MS da na na'urar tsaro ta jerin MX ya dogara da samfuri, don haka sauya waɗannan yana nufin sabon saye. Abin da ya kamata masu fitar da kuɗi su sani tun farko shi ne, a tsarin Meraki da ya fi daɗewa, idan wa'adi ya ƙare ana ba da sassaucin kwana 30, bayan nan na'urorin su daina isar da intanet ga masu amfani duk da cewa lafiyarsu ƙalau.

Nau'i na uku shi ne wanda yake zaune a cikin kwantarola. Tsofaffin kwantarolin Cisco irin su 2504 da 5508 suna ɗauke da lasisin dindindin mai ƙidaya yawan na'urorin da za su iya jagoranta, iyakar ta farkon 75, ta biyun 500. Da jerin Catalyst 9800 ya fito a 2018 sai tsarin ya sauya, aka koma sayen lasisin Cisco DNA ga kowace na'urar watsawa, na shekara 3 ko 5 ko 7, a matakin Essentials ko Advantage, ana kuma ajiye shi a asusun Smart Account na ma'aikatar. Bambancinsa da na Meraki shi ne yana tafe da wani sashe na dindindin, wanda ke sa Wi-Fi ya ci gaba da aiki ko wa'adin ya ƙare, sai dai a rasa wasu hidimomin sa ido da sarrafawa. Kwantarolin Aruba kuwa suna ƙidaya lasisi iri uku, masu suna AP da PEF da RFP, ga kowace na'ura. A sigar ArubaOS 8 ana tara su wuri guda a raba wa kwantaroli, kuma akwai hanyar mayar da su daga wata zuwa wata ta shafin tallafin kamfanin. Amma wanda zai koma sigar 10 zai shiga biyan kuɗin wa'adi na Aruba Central, wanda lissafi ne na daban.

Sai kuma waɗanda ba a biyan lasisi a kansu don aikin yau da kullum, irin su UniFi na Ubiquiti, da Omada na TP-Link idan kwantarolar a wurin mai ita take, da cnMaestro Essentials na Cambium. Su ma suna da ɗauri, domin na'urar tana maƙale da asusun ko kwantarolar da ta fara karɓar ta har sai an sake ta.

Mataki na uku: a duba abin da sabuwar na'urar za ta janyo

Sau da yawa kuɗin lasisi ba daga na'urar watsawar yake fitowa ba, daga abin da ta tilasta a sauya ne. Tsofaffin na'urori da dama suna wadatuwa da wutar da suwic ke turowa ta wayar intanet bisa ma'aunin 802.3af, wato wat 15.4, alhali manyan na'urorin Wi-Fi 6 sukan nemi 802.3at mai wat 30, wasu na Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7 ma har sai 802.3bt kafin su buɗe dukkan rediyoyinsu. Idan suwic ɗin ba ya iyawa dole a sauya shi, kuma a tsarin Meraki sabon samfurin suwic sabon lasisi ne. Haka nan kwantarolin 2504 da 5508 sun tsaya a sigar manhaja ta 8.5, wadda ba ta gane na'urorin Catalyst 9100, ita kuma 9800 ba ta karɓar tsofaffi irin su 2600 da 3600. Wanda yake da cakuɗen tsofaffi da sababbi zai riƙe kwantarola biyu na wani lokaci, kowace da nata lissafin. Na'urorin Wi-Fi 7 da Cisco ya fitar a ƙarshen 2024 kuma sun zo da sabon tsarin biyan kuɗin wa'adi, saboda haka kada a ɗauka ƙa'idar jerin MR ta shafe su sai dillali ya tabbatar a rubuce.

A ɓangaren MikroTik, manhajar CAPsMAN da ke jagorantar na'urori da yawa daga wuri guda kyauta ce, amma na'urorin Wi-Fi 6 na kamfanin suna aiki ne da sabon kunshin manhaja na RouterOS 7, kuma tsohuwar CAPsMAN ba ta jagorantar su. Wannan ba kuɗin lasisi ba ne, kuɗin aikin injiniya ne, amma daga aljihu ɗaya zai fito. Kada kuma a haɗa lasisin manhaja da izinin hukuma: amincewar hukumar sadarwa, wato NCC a Najeriya ko ARCEP a Nijar, da samfurin na'ura da zangon mitar da za ta yi aiki a kai magana ce ta daban, wadda ya kamata a tambaya musamman idan na'urar tana amfani da zangon gigahaz 6.

Mataki na huɗu: a yi lissafin shekarun da na'urar za ta yi aiki

A zaɓi adadin shekarun da ake sa ran na'urorin za su yi, a ce biyar, a tara duk abin da za a kashe a tsawonsu: kuɗin ƙarfe, da lasisin farko, da sabuntawar da za ta faɗo a tsakani, da kwangilar tallafi idan sai da ita ake samun sabuwar manhaja, da kwantarola ko suwic ɗin da sauyin ya janyo. Daga nan a cire darajar wa'adin da ya rage a tsohon lasisi, amma fa sai idan mataki na biyu ya nuna zai bi sabuwar na'urar. Idan ba zai bi ba, a rubuta shi a matsayin asara, kuma wannan kaɗai yana iya zama dalilin jinkirta sauyin zuwa kusa da ranar ƙarewarsa.

Tsarin Meraki da ya fi daɗewa yana haɗa duk lasisin ma'aikata su ƙare rana ɗaya, kuma yana da kyau a iya lissafa wannan rana da hannu. A ɗauka akwai na'ura 10 da saura wata 12 a lasisinsu, sai aka ƙaro wasu 10 da lasisin wata 36. Na farkon sun ba da wata 120, na biyun wata 360, jimla 480. Idan aka raba wa na'ura 20, kowace ta sami wata 24. Wato sababbin sun ba tsofaffin aron shekara guda, kuma duka za su ƙare bayan shekara biyu, ba uku ba kamar yadda mai sa hannu a takardar saye zai zata. Idan lasisin nau'i daban-daban ne, kamfanin yana auna kowanne da darajar kuɗinsa, don haka sakamakon zai ɗan karkata. A wannan tsari agogon lasisi yana fara tafiya ne daga lokacin da kamfanin ya kammala odar, ba daga ranar da aka kunna na'urar ba, saboda haka kayan da suka yi wata biyu a tashar jirgin ruwa suna jiran kwastan sun riga sun ci wata biyu daga wa'adinsu.

Duk waɗannan farashi da dala ake yanke su, kuma wannan yana da nauyi ga mai samun kuɗinsa da naira. Kafin Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Ma'aikatar da ta sayi lasisin shekara guda-guda ta ji wannan a jikinta a sabuntawa ta gaba, wadda ta biya na shekara biyar tun kafin nan kuwa ba ta ji ba. Saboda haka idan an tabbata za a zauna da kamfani ɗaya kuma kuɗin yana hannu, dogon wa'adi ya fi kwanciyar hankali, kuma kuɗin kowace shekara a cikinsa yakan fi sauƙi. Sai dai kada wa'adin ya zarce ranar da kamfanin ya sanar zai daina tallafa wa samfurin, musamman idan lasisin ya dogara da samfuri. A Najeriya a ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a lissafin, a kuma tambayi dillali da wane farashin canji ya yi nasa da kwana nawa takardar farashinsa za ta yi kafin ta sauya.

Mataki na biyar: a nemi amsa a rubuce kafin a biya

A buƙaci dillali ya raba takardar farashinsa layi-layi, ƙarfe daban, lasisi daban tare da lambar samfurinsa da tsawon wa'adinsa, tallafi daban. A tambaye shi ranar da wa'adin zai fara, da abin da zai faru idan ya ƙare, da ko kamfanin yana ba da rangwame ga wanda ya mayar da tsofaffin kaya ko ya baro tsohon tsarin lasisi. Amsar baki ba ta isa ba, domin ranar da matsala ta taso wanda ya faɗa ɗin wataƙila ya bar aiki.

Mafi muhimmanci a wannan mataki shi ne sunan da za a rubuta lasisin da shi. Ya zama ruwan dare ɗan kwangila ya buɗe asusun kamfani da imel ɗinsa na kansa, ya zuba lasisin kwastomominsa duka a ciki saboda hakan ya fi masa sauƙi. Muddin ana shiri da shi ba a ganin aibin hakan, amma ranar da aka raba gari sai ma'aikata ta tarar ta biya kuɗin abin da ba ta da iko a kansa. A buɗe asusun da imel ɗin ma'aikata wanda ba na mutum ɗaya ba, a sa aƙalla ma'aikata biyu su zama masu cikakken iko, sannan a ba ɗan kwangilar izinin shiga wanda za a iya janyewa. Idan tsohon lasisin yana asusun wani, yanzu ne lokacin karɓo shi, tun ana ga maciji kuma yana sa ran samun sabon aikin.

Mai niyyar sayen kayan hannu, ko a Computer Village ta Ikeja ko ta intanet, ya ƙara taka tsantsan. Na'urar Meraki da ke rubuce a asusun wani ba ta karɓuwa a wani asusun sai mai ita ya sake ta, kuma danna maɓallin mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta ba ya warware wannan. Tamkar sayen mota ne wadda takardunta suke da sunan wani. Ko an sake ta ma, babu lasisi a tare da ita. Ƙa'idar Cisco ita ce lasisin manhajarsa ba ya bin na'ura zuwa hannun mai saye na biyu sai an sake yin rajistarsa, shi ya sa kamfanin yake da tasa hanyar sayar da gyararrun kaya mai suna Cisco Refresh. Rautar MikroTik ta hannu kuwa tana zuwa da lasisinta a ciki, don haka a kunna ta a gaban mai sayarwa, a buga umarnin /system license print a ga matakin da ido. Ga na'urar da ake sarrafawa ta shafin kamfani, a gwada shigar da lambar siriyal ɗinta a asusun ma'aikata kafin kuɗi ya bar hannu.

Mataki na shida: a adana komai kafin a taɓa waya

A ɗauki hoton shafin lasisi yadda yake kafin sauyi, mai nuna adadi da ranar ƙarewa, domin shi ne hujja idan lissafi ya rikice daga baya. A kwafe mabuɗan lasisi da lambobin oda a ajiye a wuri biyu. A MikroTik a fitar da saituna ta hanya biyu, amma a san cewa fayil ɗin da /system backup ke samarwa na wannan na'urar ne ita kaɗai, kuma zuba shi a wani samfuri yakan rikita mashigai, wato wuraren jona waya. Wanda za a yi ƙaura da shi shi ne rubutun da /export ke fitarwa, wanda ake iya buɗewa a gyara sunayen mashigai da hannu. A RouterOS 7 sai an ƙara show-sensitive kafin kalmomin sirrin Wi-Fi su fito a cikinsa, kuma ko da haka ba ya ɗauke da takardun shaidar tsaro da ma'ajiyar tikitin User Manager, waɗanda ake kwashewa daban.

Mataki na bakwai: a mayar da lasisin

A fara da na'ura ɗaya ko biyu a wurin da ba shi da cunkoso, a tabbatar lasisi ya zauna kuma masu amfani suna shiga, kafin a taɓa sauran.

A Meraki, a shigar da sababbin na'urori da lambar oda su zauna a jerin kaya, inda ba sa cin lasisi sai an sanya su a cikin hanyar sadarwa. A riƙa sanya sabuwa ana cire tsohuwa domin adadin ya tsaya daidai. Idan aiki ya tilasta a haɗa su na ɗan lokaci har adadin ya zarce lasisi, shafin zai nuna gargaɗi kuma ƙidayar kwana 30 za ta fara, don haka a kammala cire tsofaffin tun da sauran lokaci. Wurin da aka fi kuskure shi ne lokacin shigar da sabon mabuɗi, domin shafin yana tambaya ko sabuntawa ne ko ƙarin na'urori. Zaɓin ƙari yana ɗora sabon adadi a kan tsohon, shi kuwa zaɓin sabuntawa yana maye gurbin tsohon adadin gaba ɗaya. Mai na'ura 20 da ya sayo lasisin ƙarin 5 ya shigar da shi a matsayin sabuntawa zai wayi gari shafin yana nuna izinin na'ura 5 kawai yake da shi. Idan hakan ta faru a tuntuɓi sashen tallafin kamfanin nan take, kada a yi ta shigar da wasu mabuɗan a kai.

A Catalyst 9800, a tabbatar lasisin sun bayyana a Smart Account na ma'aikata, a haɗa kwantarolar da asusun, a zaɓi matakin da aka saya, domin idan an bar ta a kan Advantage alhali Essentials aka biya, rahoton da za ta aika zai nuna ana amfani da abin da ba a saya ba. A Aruba, a fitar da sabon mabuɗi da lambar sabuwar kwantarolar ta shafin tallafi, kuma a yi hakan a ranar aiki da sashen tallafin yake buɗe, ba daren Asabar ba.

A MikroTik babu abin mayarwa tsakanin akwati da akwati, sai a wurare biyu. Wanda ya girka RouterOS a kan kwamfuta ya sani lasisinsa yana tare da faifan ajiyar kwamfutar, saboda haka zai iya cire faifan ya sa a sabuwar kwamfuta lasisin ya biyo shi. Abin da ke kashe shi shi ne goge faifan da wata manhaja ta daban. Idan sake girkawa ya zama dole a yi da manhajar Netinstall ko faifan girkawa na kamfanin. Idan faifan ya mutu da kansa, ana rubuta wa sashen tallafi a nemi mabuɗin maye gurbi, wanda kuɗinsa dala 10 ne. Wuri na biyu shi ne CHR, sigar RouterOS da ke gudana a kan saba, wato babbar kwamfuta, wadda lasisinta na P1 da P10 da marar iyaka suke ɗaure da asusun mai su. A nan ana girka sabuwar, a yi mata rajista a asusun da gwajin kwana 60, sannan a shiga shafin kamfanin a mayar da lasisin daga lambar tsohuwar zuwa ta sabuwar, a buga /system license renew. Idan kwafin tsohuwar aka yi, sai an sa ta fitar da sabuwar lamba da generate-new-id tun kafin rajista, in ba haka ba biyun za su riƙa amsa suna ɗaya. CHR da ba ta da lasisi tana tura megabit 1 kacal a daƙiƙa ta kowace mashiga, saboda haka idan sabuwar saba ta yi nauyi fiye da kima, a fara duba lasisin.

A UniFi da Omada, a sabunta manhajar kwantarola kafin a jona sababbin na'urori, domin tsohuwar siga ba ta gane samfurin da ya fito bayanta.

Mataki na takwas: a sallami tsofaffin, a rubuta ranar ƙarewa

Bayan sababbin sun yi mako ɗaya ko biyu suna aiki lafiya, a cire tsofaffin daga hanyar sadarwa, a sake su daga asusun, a goge saitunansu domin kalmomin sirrin ma'aikata suna ciki. Idan za a sayar da su ko a ba wata makaranta kyauta, a gaya wa mai karɓa a fili ko akwai lasisi a tare da su ko zai sayi nasa, a kuma ba shi jerin lambobin siriyal da shaidar an sake su. A soke duk kwangilar tallafin da ke sabunta kanta a kan na'urorin da aka ajiye. Sannan a sake ɗaukar hoton shafin lasisi a gwada shi da na farko: adadin na'urori ya yi daidai da adadin lasisi, ranar ƙarewa kuma ta yi daidai da wadda aka lissafa a mataki na huɗu. A sanya wannan rana a kalandar ma'aikata da tunatarwa wata shida kafin ta zo, da wata kuma saura wata uku, a aika wa ofishin kuɗi kwafi tare da adadin dalar da za a nema, domin ya shiga kasafin shekarar da sabuntawar za ta faɗo.